Patrik na Ayalan: Bawan da Ya Yi Kiwon Dabbobi, Ya Koma Kiwon Mutane

A cikin Littafi Mai Tsarki an sha kwatanta Allah da makiyayi, mutanensa kuma da tumaki. Dawuda ya yi haka a Zabura 23, annabi Ezekiyel ya yi a sura 34 ta littafinsa, Ubangiji Yesu kuma ya ɗauki wannan suna ga kansa a Yohanna 10. Makiyayi yana bi da garkensa, yana tsare shi, yana kuma ciyar da shi. Yarda da wannan ba wuya ga wanda yake zaune lafiya a gidansa, rumbunsa cike da hatsi. Amma wanda mahara suka sace, suka sayar da shi a ƙasar da bai san kowa ba fa, shi ma yana da makiyayi? Rayuwar Patrik, wanda ya kai bishara ga mutanen Ayalan a ƙarni na 5, ta ba da amsar wannan tambaya.

Patrik ya bar mana rubuce-rubuce biyu da harshen Latin. Na fari ana kiransa Konfesiyo, inda ya ba da shaidar abin da Allah ya yi masa sa'ad da ya tsufa. Na biyu wasiƙa ce zuwa ga sojojin wani shugaba mai suna Korotikus. Daga waɗannan biyu ne aka san yawancin abin da ke cikin wannan labari.

Gidan da ya fito

An haifi Patrik a Birtaniya, a ƙarshen zamanin da Romawa suke mulkin ƙasar. Wajen shekara ta 410 mulkin Roma ya ƙare a can, tsaron bakin teku kuma ya yi rauni ƙwarai. Sunan mahaifinsa Kalporniyus, dikon ne a ikilisiya, kuma yana cikin 'yan majalisar gari. Kakansa Potitus limamin ikilisiya ne. Suna da gona da gida kusa da wani ƙauye mai suna Bannabem Taburniye, suna da bayi maza da mata masu yi musu aiki.

Ko da yake ya tashi a gidan masu hidimar ikilisiya, Patrik da kansa ya shaida cewa a ƙuruciyarsa bai san Allah na gaskiya ba. Yana jin gargaɗin limamai, amma ba ya sa shi a zuciya. Yana ɗan shekara 15 ko ƙasa da haka ya aikata wani zunubi a cikin sa'a guda, wanda ya daɗe yana damunsa. Bangaskiyar uba da ta kaka ba ta zama tasa ba don kawai an haife shi a gidan.

Ranar da mahara suka zo

Yana kusan shekara 16, mahara suka ƙetaro teku daga Ayalan suka fāɗa wa gonar mahaifinsa. Suka yi wa bayin gidan ɓarna, suka kama Patrik suka tafi da shi. Ba shi kaɗai ba ne, ya ce dubban mutane ne aka kwashe haka a wannan zamani.

Ayalan tsibiri ce a yammacin Birtaniya, Romawa kuwa ba su taɓa mulkinta ba. Ba birane a cikinta a lokacin. Ƙasar a rarrabe take cikin ƙananan masarautu masu yawa, kowace da sarkinta, yawancin mutanen kuma suna bin addinin kakanninsu. Yaron da ya saba bayi suna yi masa hidima ya wayi gari shi ne bawa. Aka ba shi kiwon dabbobi a jeji da kan tudu. Shekara 6 ya yi yana wannan aiki, cikin yunwa da ƙarancin sutura.

A nan ne Allah ya same shi. Patrik ya ba da labari cewa yana cikin kiwo ya fara addu'a, ƙaunar Allah da tsoronsa suka yi ta ƙaruwa a zuciyarsa. Ya kai ga yin addu'a har sau 100 a yini, da dare ma kusan haka. Yakan tashi tun kafin gari ya waye, ko ana ruwa, ko ana sanyi mai tsanani, ko dusar ƙanƙara tana zuba, bai ji kasala ba. Daga baya ya gane Ruhu Mai Tsarki ne yake aiki a cikinsa.

Mu lura da yadda ya ɗauki abin da ya same shi. Bai ce mahara sun yi daidai ba. Ya ƙi cinikin mutane. Amma da ya waiwaya baya, sai ya ga Allah yana tsaronsa tun kafin ya san shi, yana lallashinsa kamar yadda uba yake yi wa ɗansa. Ya kwatanta kansa da dutsen da yake kwance cikin taɓo mai zurfi, Mai Iko ya zo ya ɗaga shi ya ɗora a kan katanga. Wannan shi ne abin da Yesu ya koyar a Luka 15 game da tunkiyar da ta ɓata. Ba tunkiyar ce take nemo makiyayi ba, shi ne yake fita nemanta.

Hanyar mil 200

Wata rana da dare, yana barci, ya ji murya tana gaya masa ya kusa komawa ƙasarsu. Ba da daɗewa ba muryar ta sake zuwa, ta ce jirginsa ya shirya. Jirgin kuwa ba kusa yake ba. Tsakaninsu akwai tafiyar mil kusan 200, a wurin da bai taɓa zuwa ba, bai kuma san kowa a can ba. Bawan da ya gudu a wannan ƙasa ba shi da mai kāre shi. Duk da haka ya tashi ya bar ubangidansa, ya kama hanya. Ya shaida cewa Allah ne ya bi da shi, bai kuwa ji tsoron kome ba har ya isa.

Ranar da ya iso, jirgin yana shirin tashi. Ya roƙi a ɗauke shi, shugaban jirgin ya ƙi, har da fushi. Patrik ya juya zai koma bukkar da ya sauka, yana tafe yana addu'a. Kafin ya gama sai ya ji ɗaya daga cikinsu yana ƙwala masa kira ya dawo. Suka nemi ya yi musu alkawarin amana bisa ga wata al'ada tasu ta arna, ya ƙi saboda tsoron Allah. Duk da ƙin da ya yi suka ɗauke shi.

Bayan kwana 3 suka isa gaci. Daga nan suka yi kwana 28 suna tafiya cikin ƙasar da ba mutane. Guzurinsu ya ƙare, yunwa ta kama su, waɗansu suka fara faɗuwa a hanya. Shugaban jirgin ya juya ga Patrik da gori, ya ce idan Allahnsa mai iko ne kamar yadda yake faɗa, me ya hana ya roƙa musu abinci. Patrik ya ce musu su juyo ga Ubangiji da zuciya ɗaya, domin ba abin da ya fi ƙarfinsa. Sai ga garken aladu ya ɓullo a kan hanya a gabansu. Suka yanka da yawa, suka kwana 2 a wurin suna ci har ƙarfinsu ya komo. Suka yi wa Allah godiya, suka fara ganin Patrik da daraja.

Sun kuma sami zumar jeji, suka miƙa masa. Amma da ɗayansu ya ce an riga an miƙa ta hadaya ga allolinsu, Patrik bai ɗanɗana ba. Mutumin da ya ga Allah ya ciyar da shi jiya ba ya bukatar sayar da lamirinsa yau saboda zuma.

Kiran da ya fi gudun wuya

Bayan 'yan shekaru Patrik ya koma wurin iyayensa a Birtaniya. Suka karɓe shi da murna, suka roƙe shi kada ya ƙara barinsu bayan duk wahalar da ya sha. In da labarin ya ƙare a nan, da mun ce Allah ya cece shi, shi ke nan.

Amma a can gida ya ga wahayi da dare. Wani mutum mai suna Biktorikus ya zo kamar daga Ayalan, ɗauke da wasiƙu masu ɗimbin yawa, ya miƙa masa ɗaya. Yana cikin karantawa sai ya ji kamar muryar mutanen da suke kusa da kurmin Foklut, wajen tekun yamma, suna roƙonsa baki ɗaya ya dawo ya yi tafiya a cikinsu. Abin ya soke shi a zuciya har ya kāsa ci gaba da karatun, ya farka.

Komawa wurin mutanen da suka bautar da shi ba abu ne da ya yi cikin gaggawa ba. Shekaru suka wuce yana shiri. Ya zama dikon, daga baya ya zama bishop. 'Yan'uwansa suka yi ƙoƙarin hana shi da kyautai da hawaye. Waɗansu dattawa suka yi ta magana a bayansa, suna mamakin abin da zai kai mutum cikin hatsari a tsakanin maƙiyan da ba su san Allah ba. Shi kansa yana jin kunyar ƙarancin iliminsa, domin shekarun da sa'o'insa suka yi suna karatu shi ya yi su yana bin dabbobi. Har tsufansa yana jin Latin ɗinsa bai goge ba. Amma jejin da ya hana shi makaranta shi ne ya koya masa harshen mutanen Ayalan da al'adunsu, abin da babu makarantar Birtaniya da za ta ba shi.

Ba shi ne Kirista na fari da ya taka tsibirin ba. A shekara ta 431 Selestin, bishop na Roma, ya aiki Paladiyus ya zama bishop na fari ga mutanen Ayalan da suka riga suka gaskata da Almasihu. Tsofaffin littattafan tarihin ƙasar sun sa zuwan Patrik a shekara ta 432. Abin da ya bambanta aikinsa shi ne ya nufi wuraren da ba wanda ya taɓa zuwa ya yi baftisma, har iyakar yamma, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara. A ganinsa ya kai bishara bakin duniya, kamar yadda Ubangiji ya umarci almajiransa a Matiyu 28.

Makiyayi a tsakiyar hatsari

Patrik ya yi wa dubban mutane baftisma, ya naɗa masu hidima a wurare da yawa. 'Ya'yan sarakuna maza da mata suka keɓe kansu domin Almasihu. Ya ba da labarin wata mace 'yar babban gida wadda ya yi wa baftisma, bayan 'yan kwanaki ta dawo ta ce za ta ba da dukan rayuwarta ga Allah. Iyayen irin waɗannan mata sukan tsananta musu. Amma waɗanda suka fi ba shi tausayi su ne mata bayi da suka ba da gaskiya, waɗanda suke jure wa barazana kullum, ba su kuwa ja da baya ba. Ya san zafin bauta a jikinsa, shi ya sa bai manta da su ba.

A dokar ƙasar, baƙon da ba shi da dangi ba shi da mai tsaya masa. Saboda haka yakan ba sarakuna kyautai, ya biya 'ya'yansu su raka shi, ya kuma biya alƙalai domin a bar shi ya ziyarci masu bi. Ya ƙiyasta abin da ya kashe a kan alƙalan nan bai kāsa kuɗin mutum 15 ba. Duk da haka wata rana aka kama shi da abokan tafiyarsa, aka kwashe kayansu, aka sa shi a mari, ana neman kashe shi. A rana ta 14 Ubangiji ya kuɓutar da shi ta hannun waɗansu abokai, aka mayar musu da kayansu. Ya ƙidaya hatsari 12 da ransa ya shiga Allah ya fisshe shi. Ya ce kowace rana yana sa ran kisa, ko cuta, ko a mayar da shi bauta, amma ba ya tsoro, domin ya jefa kansa a hannun Allah Mai Iko Dukka.

Game da kuɗi kuwa, ya kiyaye kansa ƙwarai. Mata masu bi sukan ɗora kayan adonsu a kan bagade su ba shi kyauta, shi kuwa ya mayar musu, har suna jin haushinsa. Ya ƙalubalanci kowa ya fito ya faɗa idan ya taɓa karɓar ko ƙwandala domin baftisma, ko kuɗin takalmi domin naɗa wani, zai biya. Ezekiyel 34 ta tsauta wa makiyayan da suke ciyar da kansu su bar tumaki da yunwa. Patrik ya dogara ga Allah ya biya bukatarsa, saboda haka bai mai da garken abin cinsa ba.

Raunin da ya fi masa zafi daga cikin gida ya fito. Kafin ya zama dikon, ya gaya wa babban amininsa zunubin nan na ƙuruciyarsa. Wannan aminin ne ma ya taɓa ce masa zai zama bishop. Bayan shekara 30 sai dattawan ikilisiya suka tashi suna tuhumarsa, aka tono maganar, aminin nan kuwa shi ne ya kunyata shi a gaban jama'a. Patrik ya ce saura kaɗan ya fāɗi a wannan lokaci. Amma a daren Allah ya ƙarfafa shi cikin wahayi, ya nuna masa yana tare da shi. Bai musanta zunubin ba, bai kuma bar aikin ba. Ko a cikin rubutunsa, baƙin ciki ya nuna saboda aminin, ba ƙiyayya ba.

Sa'ad da kyarketai suka shiga garke

Wata rana Patrik ya yi wa sababbin masu bi baftisma. Washegari, suna sanye da fararen tufafinsu, man keɓewa bai bushe a goshinsu ba, sojojin Korotikus suka auka musu. Korotikus shugaba ne daga Birtaniya, mutanensa kuma suna amsa sunan Kirista. Suka kashe waɗansu, suka kwashe sauran domin su sayar da su ga mutanen Pikt da waɗansu da ba su san Allah ba.

Patrik ya aiki wani limami da ya rena tun yana yaro, tare da waɗansu masu hidima, su roƙa a saki waɗanda aka kama. Sojojin suka yi musu dariya. Sai ya rubuta wasiƙar da ta rage har yau, ya ce a karanta ta a gaban jama'a, har a gaban Korotikus kansa. A ciki ya kira maharan kyarketai masu cinye garken Ubangiji. Ya umarci masu bi kada su ci ko su sha tare da su, kada kuma su karɓi sadakarsu, sai sun tuba sun saki bayin Allah. Ya tuna musu cewa Kiristocin Gol, wato Faransa ta yau, sukan aika da kuɗi masu yawa su fanshi 'yan'uwansu daga hannun arna, su kuwa ga su suna sayar da nasu. Duk da zafin maganarsa, ya rufe wasiƙar da fatan masu kisan su tuba su sami rai.

A nan akwai abin da ya kamata mu fuskanta da gaskiya. Allah da ya kuɓutar da Patrik sau 12 bai hana takobi fāɗa wa waɗannan sababbin masu bi ba. Patrik ya yi kuka dominsu, bai ɓoye ba. Amma bai ce Makiyayi ya yi barci ba. Ya gaskata waɗanda aka kashe sun tafi wurin Almasihu, inda ba dare, ba makoki, ba mutuwa. Alkawarin Yohanna 10 ba cewa kyarkeci ba zai zo ba ne. Alkawarin shi ne Makiyayin ba ya gudu, ya riga ya ba da ransa domin tumakin, ba kuma mai iya ƙwace su daga hannunsa, ko mutuwa ma.

Ƙarshen kwanakinsa

Patrik ya yi marmarin ganin danginsa a Birtaniya da 'yan'uwa masu bi a Gol. Amma ya ga Ruhu ya ɗaure shi ya zauna, kada aikin da ya fara ya lalace. Bai ƙara komawa gida ba. Littattafan tarihin Ayalan waɗansu sun sa mutuwarsa a shekara ta 461, waɗansu a 493. Ana tunawa da shi ranar 17 ga Maris, bisa ga al'ada kuma kabarinsa yana Downpatrick, a arewacin tsibirin. Labarin korar macizai daga ƙasar da makamantansa daga baya ne aka ƙara su, ba sa cikin rubutunsa.

Ikilisiyar da ya yi wa hidima ta zama mai aika 'yan mishan. A shekara ta 563 Kolumba ya bar Ayalan ya kafa wurin hidima a tsibirin Ayona. A 635 Aidan ya tashi daga can ya kai bishara arewacin Ingila. Ta haka zuriyar waɗanda suka sace yaro daga Birtaniya suka koma wa Birtaniya da Maganar Allah. Bayan ƙarnuka da yawa 'yan mishan daga Ayalan suka zo Najeriya. Samuel Bill ya taso daga Belfast ya fara aiki a bakin kogin Kwa Ibo a 1887, a 1932 kuma aka kafa wata ƙungiyar mishan mai sunan Patrik wadda ta fara aikinta a yankin Kalaba. Shi ya sa ake samun majami'u da makarantu masu sunansa a ƙasar.

Abin da za mu koya

Na fari, Allah yana bi da mutanensa mataki mataki. An gaya wa Patrik jirgi ya shirya, amma shi ne ya taka mil 200 da ƙafarsa, kuma da ya isa ƙi aka fara yi masa. Ƙofar da aka rufe a karo na fari ba lalle tana nufin Allah bai aiko mu ba.

Na biyu, tanadin Allah yakan zo a kan lokaci, ba lalle tun da wuri ba. Sai da guzuri ya ƙare sarai abinci ya bayyana. Wanda ya san haka zai iya ƙin abin da bai halatta ba, ko yana cikin rashi.

Na uku, tsaron Allah ya wuce tsaron jiki. Wani lokaci yakan kwance mari a rana ta 14, wani lokaci kuma yakan karɓi ɗansa zuwa gida. A duka biyu tunkiyar tana hannunsa.

Na huɗu, wanda aka yi kiwonsa ana so shi ma ya yi kiwon waɗansu. Fastoci da dattawa da iyaye su dubi 1 Bitrus 5 tare da rayuwar wannan mutum. Ya ƙi cin dukiyar garken, ya tsaya wa marasa ƙarfi, ya faɗa wa mai iko gaskiya, ya kuma ƙaunaci mutanen da suka cuce shi har ya ba su sauran kwanakinsa.

'Yan'uwa, wataƙila wani yana karanta wannan yana cikin nasa jejin, ko rashin abinci, ko tsoron mahara, ko cin amanar aboki. Makiyayin da ya ga yaron nan a kan tudun Ayalan yana ganinka, yana ganinki. Ya san tumakinsa da sunayensu. Bari mu saurari muryarsa cikin Maganarsa da addu'a, mu bi shi duk inda ya nufa da mu. Ubangiji ya taimake mu. Amin.